Hannun Baba da Layi Uku

Karo na uku da sumo ya ƙone a rijiyar burtsatsen unguwarmu, Baba ya rufe shagonsa tun kafin la'asar, ya dawo gida ya jefa makullin cikin kwanon da Inna ke ajiye allura da zare. Ni kuma na leƙo gaishe su ke nan, ko takalmi ban gama cirewa ba.

Na ce, "Baba, lafiya ka tashi da wuri?"

Ya ce, "Lafiya lau, Uwata. Na gama ne."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka. Na ce, "Aikin yau ka gama?"

Ya ce, "Aikin gaba ɗaya. Ranar Juma'a ta sama zan raba kayan shagon."

Sumo shi ne injin da ake zurawa cikin rijiya ya turo ruwa sama zuwa tanki. Sana'ar Baba kuwa naɗin koyil ce. Idan inji ya ƙone, sai ya buɗe cikinsa, ya zare ƙonanniyar waya, ya naɗa sabuwa da hannunsa, zagaye bayan zagaye, yana ƙirgawa a zuci. Tun ban san kaina ba nake ganinsa a kan bencin aikinsa. Daga Mai'adua ake ɗauro masa injin niƙa a bayan babur, daga Kongolam ma haka, har mutanen tsallaken iyaka sun san ƙofar shagonsa. A can na koyi riƙe filaya kafin in koyi riƙe muciya, abin da Inna ba ta gama yafe masa ba har yau. Daga baya na yi karatun lantarki, yanzu ina koyarwa a makarantar koyon sana'a, kuma gidan aurena bai fi gida goma da nasu ba.

Inna ce ta ba ni labarin a madafa. Alhaji mai ƙanƙara, wanda ke shugabantar kwamitin ruwa na unguwa, shi ne ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce idon tsohon ya tafi, ƙirgensa ya rikice, a daina wahalar da jama'a. Ya ce sun kawo mai mita da hantsi ya auna wutar, ya same ta lafiya lau, saboda haka babu inda laifi ya rage sai hannun mai naɗi. Za su kai sumon Kano a naɗa. Duk wannan a kan kunnen Baba, yana zaune yana saka takalminsa.

Wallahi ji na yi kaina ya ɗauki zafi. Na yafa hijabi zan fita, Inna ta riƙo ni ta ce, "Ina za ki? Ki je majalisar maza ki yi musu tsiwa, gobe a ce tsohon bai iya naɗi ba, bai kuma iya tarbiyya ba?" Na zauna, amma ba da son raina ba. Ni dai Allah bai ba ni sanyin Baba ba, kowa a gidanmu ya sani.

Na koma wurinsa na ce, "Baba, da ka buɗe shi, yaya ka ga cikinsa?"

Ya kalli tafin hannunsa. Can ya ce, "Cikin kashi uku na naɗin, kashi ɗaya ya ƙone ƙurmus, kashi biyu fes kamar yau na naɗa. Duk karo ukun haka na gani."

"To ai ka san wannan ba aikin hannu ba ne."

"Na zata haka. Amma an auna an ce wuta lafiya lau. Kuma Uwata, ba ƙarya suka yi ba, idona ya yi rauni. Lambar jikin waya ma sai na fita rana nake ganinta."

Wannan maganar ta fi ta Alhaji yi mini ciwo. A ce mutum ya yarda da abin da ake faɗa a kansa! Na ce ya ba ni kwana bakwai, kada ya ba kowa ko da sukudireba ɗaya. Ya ce, "Kwana bakwai dai ai Juma'ar ce. Je ki yi abin da za ki yi."

Ga yadda abin yake, ga wanda bai sani ba. Daga taransifoma layi uku ke fitowa, ja da rawaya da shuɗi. Kowane gida layi ɗaya yake sha. Babban sumo irin namu kuwa daga ukun yake sha lokaci guda, kuma dole su zo masa da ƙarfi ɗaya, kamar duwatsun murhu. In ɗaya ya yi ƙasa, tukunya ta karkace, nauyin ya koma gefe. A cikin inji wannan karkacewar zafi take zama, zafin kuma shi ke cin waya.

An yi hutun makaranta a lokacin, tsakiyar bazara, azumi na ƙaratowa. Na aro mita daga wurin aiki, irin wadda ke riƙe lamba mafi sama da mafi ƙasa ko mutum ya kau da ido. Maigidana ya raka ni wurin mai unguwa neman izini, yana tsokanata a hanya wai ya auri 'yar sandan wuta. Mai unguwa ya ce babu laifi, in dai ba sandar wuta zan hau ba. Makullin ɗakin sumo yana hannun ladan, wani dattijo sa'an Baba, don shi ne ke ta da injin kullum.

Ranar farko da ya buɗe mini ɗakin, ya tsaya yana kallona ina ɗora wayoyin mita. Ya ce, "Malama, wutar ma awo ake mata kamar gero?"

Na ce, "Ta fi gero buƙatar awo, Malam. Tiyar gero da safe tiya ce da yamma. Wannan kuwa ba ta da alƙawari."

Na ja layi a littafi, na raba shafin gida huɗu: hantsi, azahar, la'asar, gab da magariba. Kowane gida lamba uku. Da hantsin farko na auna, ukun duka suna kusa da ɗari biyu da talatin, yadda ake so. Daidai da abin da mai mitar Alhaji ya faɗa ke nan. Da azahar aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba sai bayan isha'i, don haka na rubuta babu, babu, babu. Kwana na biyu ma haka ya tafi: safiya lafiya lau, yamma babu wuta. Matan unguwa suna wucewa da jarkoki zuwa famfon wata unguwa, wasu su gaishe ni, wasu su kalle ni su kalli littafina su wuce. Na ji wata tana cewa, "Uba ya ƙona, 'ya tana rubutawa." Na haɗiye, amma da ƙyar.

A daren nan na biyu na tambayi kaina, in mitar ta ce hannun Baba ne fa? Zan faɗa masa? Na san zan faɗa, don bai koya mini ƙarya a kan aiki ba. Amma na ji tsoro ƙwarai.

Kwana na uku wuta ta tsaya har bayan la'asar. Ladan ya fito daga masallaci ya buɗe mini, ya ce, "Da sumon na nan, yanzu ne nake ta da shi. Daga la'asar zuwa magariba, lokacin da mata ke ɗiba." Na ɗora mita a kan ja, ɗari biyu da ashirin da wani abu. Rawaya, kusa da haka. Na ɗora a kan shuɗi, sai ga ɗari da sittin. Na ce, "Iye!" Na sake ɗorawa, ko na yi kuskure. Ɗari da sittin ɗin dai. Ban gama rubutawa ba na ga lambar tana hawa da kanta. Na koma kan ja, shi kuma yana gangarowa a idona, kamar ruwa a randa mai tsaga.

Na tsaya riƙe da wayoyi ina tunanin me ke yawo da wuta haka. Sai na ji murya ta bayan katanga, matar gidan da ke jikin masallaci tana ƙwala wa maƙwabciyarta kira: "Ke, wutarku ta yi ƙasa? Ku koma ja, ja ne mai ƙarfi!" Waccan ta amsa, ta miƙa wa ta gaba. Ina jin saƙon yana tafiya gida gida kamar sanarwar suna, ina kuma kallon jan yana faɗuwa. Da ya kai ƙasa, sai wata muryar ta taso daga can gabas: "Ja ya mutu, a koma rawaya!"

Na ajiye wayoyin mitar. Ba wai ban san ana haka ba ne. Ni kaina jiya da dare, bayan an dawo da wuta, na canza layi sau biyu don fanka ta juya, har na leƙa na faɗa wa maƙwabciyata. A unguwarmu kusan kowane gida akwai wani ɗan allo a zaure, mai gurbi uku da fis ɗaya. Wuta ta yi ƙasa, ka zare fis ka cusa a gurbi na gaba, shi ke nan ka koma wani layin. Kowa na gudu zuwa layin da ya fi haske, sai a taru a danne shi, a bar biyun babu kowa. Da safe maza suna kasuwa, firji bai fara aiki sosai ba, shi ya sa mai mitar Alhaji ya ga lafiya. Da yamma kuwa, lokacin da fanka da firji da injin markaɗe suka tashi gaba ɗaya, lokacin ne ladan ke sa sumo ya sha wannan karkatacciyar wutar.

Kuma allunan nan, duk Baba ne ya haɗa su.

Na ƙara kwana biyu ina awo, don kada in je da shaidar yini ɗaya. Abin bai canza ba. Har na lura duk sanda firjin Alhaji guda uku suka tashi tare, mita sai ta kama wata faɗuwa ta farat ɗaya. Allah ya sani na so in ɗora masa laifin duka, in je in karanta masa lambar a gaban mutane. Amma littafin bai ce shi kaɗai ba ne. Laifi tudu ne, kuma nawa na gidana yana cikin lissafin.

Ranar Laraba na kai wa Baba littafin. Muka fita tsakar gida inda akwai haske, na karanta masa lambobin ɗaya bayan ɗaya. Yana ji yana gyaɗa kai. Da na zo kan maganar canza layi, sai ya daina gyaɗawa. Har kaza ta zo ta tsattsaga gefen tabarmarsa bai kore ta ba.

Ya ce, "Ashe dai hannuna ne."

Na ce, "Haba Baba! Naɗinka ya fita. Babu koyil ɗin da zai jure wannan wutar, ko a ina aka naɗa shi."

"Na ji. Hannun naɗi ya fita, hannun allo ya shiga." Ya ɗan yi murmushi. "Kin san dalilin da ya sa na fara haɗa su?"

Na sani, amma na bar shi ya faɗa. Shekarun baya, kafin allon, in wuta ta yi ƙasa mutane gora suke ɗauka su je gindin sanda suna zungurar waya don su sauya layi. Wata rana wuta ta fyaɗa wani magidanci maƙwabcinmu da ƙasa, hannunsa bai sake miƙewa ba. A makon nan Baba ya haɗa allo na farko, ya ce a riƙa canzawa daga zaure, babu mai sake zuwa gindin sanda. Tun daga nan ba a sake ɗaukar kowa daga wurin ba.

Na ce, "To ka gani. Rai ka tsare."

Ya ce, "Na tsare rai, na ƙona ruwa. Tashi mu je wurin mai unguwa. Abin da na ɓata da hannuna, da hannuna zan gyara."

Washegari bayan la'asar mai unguwa ya tara 'yan kwamiti a ƙofar ɗakin sumo. Muna ta addu'a kada a ɗauke wuta, Allah kuwa ya taimake mu ta tsaya. Ni ina ciki da mita, su suna tsaye a bakin ƙofa. Alhaji ya harɗe hannu ya ce, "An riga an auna wutar nan fa, ranka ya daɗe."

Bakina ya riga ni. Na ce, "An auna ta tana barci, Alhaji. Yau za ka gan ta a farke."

Baba ya ce, "Uwata, a hankali." Na sunkuyar da kai na ce a yi haƙuri.

Mai unguwa ya ce gani ya kori ji. Ya sa ladan ya ɗauki lasifikar masallaci ya ce kowane gida ya koma ja. Na juya fuskar mita wajen Alhaji. Lambar ta fara sauka, tana sauka, har ƙwan da ke saman kanmu ya koma ja kamar garwashi. Alhaji ya warware hannunsa. Sai ladan ya sake sanarwa: gidajen gabas da masallaci su zauna a ja, na yamma su koma rawaya, na bakin titi su koma shuɗi. Aka ɗan jima ana ta kiraye-kiraye ta kan katanga. Na auna ukun a gabansu. Ba su zo daidai cif ba, amma sun matso kusa da juna, kusan yadda suke da safe.

Wani daga cikin 'yan kwamiti ya ce, "Ikon Allah! Ashe mu ne."

Alhaji ya ce ai taransifomar ce ta yi wa unguwa kaɗan. Na ce gaskiya ne, gidaje sun ƙaru, kuma littafin nan za a iya kai shi ga ma'aikatan wuta su gani da idonsu. Amma kafin a sami babba, wadda muke da ita ma ba mu raba mata kaya daidai ba. Baba ya ce, "Alhaji, firjinka uku ne, layi ma uku ne. Bari in zo in ba kowanne nasa. Ƙanƙararka ma za ta fi daskarewa." Mutane suka yi dariya, har shi Alhajin. Sai ya cire hularsa ya sosa kai ya mayar, ya ce, "Malam, na yi maka baki a bainar jama'a. A bainar jama'a nake roƙon ka yafe mini." Baba ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Ni kam sai da na ƙara kwana biyu kafin tawa zuciyar ta sauka, ba zan ɓoye ba.

Sumon bai je Kano ba. Alhaji da kansa ya kawo shi ƙofar shago. Amma Baba bai ce ya dawo aiki ba. Kullum da safe sai ya ɗauki makullin daga kwanon Inna, da yamma ya mayar, ya ce aro ya yi. Ya ce in wannan ya sake ƙonewa, to magana ta ƙare. A karon nan ya ce in zauna kusa da shi. Shi yake naɗi, yatsunsa na tafiya kamar ba su san tsufa ba, ni kuma ina karanta masa lambar waya, ina auna kowane kashi in ya gama. Ukun suka fito daidai da juna. Na nuna masa, ya ce, "Ba na gani, faɗa mini." Na faɗa masa.

Da yamma kuma ya bi gidaje da gwangwanin fenti uku, yana ɗiga wa kowane allo launin layinsa. Aka yi ƙa'ida: daga la'asar zuwa magariba babu mai taɓa fis, sai in layinsa ya mutu gaba ɗaya. Muka sa wa sumon wata 'yar na'ura da ke kashe shi da kanta in layukan suka yi nisa da juna, ladan ya sa mata suna mai gadi. Kwamiti ya saya wa ladan ƙaramar mita, na koya masa karanta lamba uku kafin ya danna komai. Har yau in an idar da sallar la'asar za ka ji shi a lasifika: "Jama'a, za a ta da sumo, kowa ya zauna a layinsa!" Ba kowa ke ji ba, kada in yi ƙarya. Akwai gidan da na sani sarai suna satar canji in zafi ya yi zafi, kuma sun san na sani. Amma mai gadi na nan.

Ranar da aka zura sumon, saura kwana biyu azumi. Ladan ya auna, ya kalle ni, na gyaɗa masa kai, ya ce bismillahi ya danna. Baba bai kalli tanki ba. Tafin hannunsa ya ɗora a jikin bututu ya rufe ido, yana sauraren injin ta cikin ƙarfe. Can muka ji ruwa ya faɗa cikin tanki, mata suka ɗauki guɗa daga bakin famfo. Shi dai bai ɗauke hannunsa ba. Ya ce, "Uwata, nawa?" Na karanta masa ja, na karanta rawaya, na karanta shuɗi. Ya ce alhamdulillahi. Na juya baya na goge idona da gefen hijabi, don ban so 'yan kwamiti su gani ba.

Sumon ya yi azumin nan duka, ya yi sallah, ya shiga damina yana aiki. Baba bai ce komai a kan shago ba, ni ma ban tambaya ba, don na san shi, in ka matsa masa sai ya ja baya. Wata safiya bayan sallah na shiga gidan neman allura. Na buɗe kwanon Inna, zare ne kawai da maɓallai.

Na ce, "Inna, ina makullin?"

Ta ce, "Yana aljihun mai shi. Kwana uku ke nan bai mayar ba. Wani ya zo daga Mai'adua da injin niƙa tun da sassafe, kuma ya ce in kin shigo ki same shi a shago da mitarki, akwai lambar da za ki karanta masa."

Na ajiye kwanon, na manta da allurar, na koma gida ɗauko mita.